Shekarar da Aka Rushe Zauren Baba

Na san abin da aka gaya muku. An ce uwarku ta ɗaga labule ta fito gaban baƙin maza, ta ƙaryata yayanta a bainar jama'a, ta kusa ɓata auren 'yarsa, duk a kan wani ɗakin laka da ko akuya ba za ta yi marmarin kwana a ciki ba. Kuna Jidda da Riyad a lokacin, kowa da aikinsa, labarin ya iske ku ta bakin matan dangi, su kuwa ba su taɓa kai magana ba su ƙara mata gishiri ba. Ba wanda ya tambaye ni a cikinku. Kara kuka yi mini, na sani, amma karar nan ta fi mini zagi ciwo, don ta nuna kun yarda. Yanzu da na tsufa, Kawunku Sani kuma ya riga mu gidan gaskiya, zan faɗi nawa. Da Hausa zan rubuta, kuma da gangan. Wanda ya kasa karantawa ya nemi mai karanta masa.

Kakanku Malam Idi ya baro ƙauyensu na ƙasar Katsina yana saurayi, a ƙasa, yana tafe yana tsayawa ƙodago har ya ƙetare teku. Da ya sauke farali ya zo ziyara Madina, sai ƙafarsa ta ƙi komawa. Ya kama aiki a lambun dabinon wani dattijo a Ƙurban, can gefen Madina, bisa al'adar wancan zamani: ka dasa, ka yi ban ruwa, in itatuwa sun fara 'ya'ya a yanka maka rabonka na gonar. Gefen da ya faɗo masa shi ne wanda ke jingine da harra, filin baƙin dutsen nan da fartanya ba ta shiga, wanda kowa ke gudu. Dutsen da ya hana wasu noma da shi Baba ya gina mana gida. Baƙi ne wuluk, mai ƙananan huji kamar soso, ga nauyi. Manyan ya zuba a ƙasa da kusurwoyi, ƙananan ya cike tsakani, laka ta riƙe su, sannan ya bi layukan da farar ƙasa, har in ka hango gidan daga nesa sai ka ce an yi masa zane. Kaurin bangon ya isa yaro ya kwanta a bakin taga ya yi barci, ni ma na sha yi. Tagogin ƙanana ne, can sama, rana ba ta samun hanya. A tsakiyar bazarar Madina, lokacin da kwalta ke narkewa a waje, mu mayafi muke ja da azahar. Ɗakunan dogaye ne sirara, saboda azarar dabino ba ta da ƙarfin ta giginya, in ka ba ta faɗi sai ta lanƙwashe. Baba bai daina ƙorafin wannan ba har ya koma ga Allah, yana cewa dabino zaƙi kawai ya iya. A kan azara aka jera rassan dabino, sai tabarma, sai laka, ga indararo na itace da ke zubar da ruwa nesa da gindin bango.

Amma ku riƙe wannan da kyau, don a kansa duk rigimar take: kafin ya ɗora dutse ko ɗaya na wancan gida, zaure ya fara ginawa. A lokacin shi kaɗai ne, ba jaki ba mataimaki, kuma mutum ɗaya ba ya ɗaga manyan duwatsu sama da ƙugunsa. Sai ya yi dutse zuwa ƙugu, daga nan ya ci gaba da tubalin laka irin na gida. Ya yi masa rufin ɗaurin guga, baka biyu na azara da laka sun taso daga bango sun gamu a tsakiya, ya kafa zanko a kowace kusurwa, tsinin nan da ke kan ginin Hausa. Ƙofofinsa biyu ba sa kallon juna, don wanda ke waje kada ya hango cikin gida, alhali a lokacin ba wani cikin gida sai rijiya da murhu. A wannan zaure ya zauna. A nan aka kawo masa Inna amarya. A nan aka haifi Yaya Sani. Sai daga baya, da hannunsa ya yi ƙarfi, ya gina gidan dutsen a bayansa ya jingina shi da bangon zauren.

Kowace shekara, in an gama cire dabino kafin ruwan hunturu, akan yi wa zauren yaɓe. Maza su kwaɓa laka da ciyawa su tattake, mu mata mu shafa. Hannun ƙarshe na Inna ne kullum. Takan bi ɗanyen yaɓen da yatsunta tana jan layuka masu lanƙwasa tun daga sama har ƙasa, ba ta kuma yarda wani ya taya ta, wai hannunmu ya cika gaggawa. Alhazai 'yan gida da suka zo ziyarar masallacin Ƙuba, in suka hango zanko a cikin dabino, ba sa tambayar hanya. Sai dai ka ji sallama. Na ga tsohon da ya dafa bangon nan ya fashe da kuka, bai san kowa a gidan ba.

Abin da ke jawo su shi ne abin da Yaya Sani ya tsana. A makaranta ɗan gidan mai ƙaho suke kiransa, in sun gaji su ce Takruni, sunan da suke kiran baƙi daga ƙasashenmu. Ya sha dawowa da yagaggiyar riga. Tun bai yi gemu ba ya daina amsa mana da Hausa: a yi masa magana da ita ya mayar da Larabci, irin yadda kuke mini yanzu. Ya yi karatu, ya samu aikin ofis, ya hau, ya gina gidansa a unguwar Khalidiyya, ya zama mutumin da ake tashi in ya shigo. Ba zan ci haƙƙinsa ba. Bai taɓa barin Inna ta nemi wani abu ta rasa ba, kuma da mahaifinku ya rasu shi ya ce in koma gona in zauna da ita, ya ɗauke mana komai. Mutumin kirki ne mai ciwo guda ɗaya, kuma wannan ciwon ne ya ci zauren.

Akwai abin da ba ku sani ba don ba ku taso da shi ba. Yaya Sani ɗan fari ne, Inna kuwa mutuniyar dā ce, mai alkunyar ɗan fari. Tunda ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba. Wancan take cewa. Ba ta yaba shi a gaban mutane, ba ta musa masa, ba ta zancen goyonsa balle na haihuwarsa. In ya shigo gaishe ta sai ta kau da kai ta amsa wa bango. Muna yara dariya abin yake ba mu. Ban san akwai ranar da zai sa ni kuka ba.

A shekarar da nake ba ku labari, gari ya riga ya cinye lambunan Ƙurban, benaye sun kewaye mu ta ko'ina, gidanmu ya rage kamar haƙori ɗaya a bakin tsohuwa. Sai mutanen kula da kayan tarihi suka sa shi cikin gidajen da ba a rushewa. Aka ce za a gyara shi a buɗe wa masu ziyara, ya ci gaba da zama namu, ni da Inna kuma mu koma wani bene kusa. Na yi murna, wallahi na yi. Na ɗauka sunan Baba ne zai tsaya. Abin da ban sani ba shi ne ƙa'idar masu irin wannan gyara: sukan mai da gini yadda yake tun asali, duk abin da aka ƙara daga baya su cire shi. Shekarar ce kuma aka sa ranar Huda, 'yar Yaya Sani, da ɗan wani tsohon gida na Madina, irin gidajen da ke ƙirga kakanni kamar carbi.

Ran da suka zo duba gidan da hantsi ne. Shugaban masu gyaran, da mutanensa, da Yaya Sani a matsayin wakilin magada, har da uban angon, wanda Yaya ya gayyato ya ga gidan tarihin surukansa. Suka zauna a zaure. Ni da Inna muna bayan labulen ƙofar ciki muna haɗa gahawa da dabino, muna jin komai. A cikinsu akwai wani injiniya ɗan Najeriya, Bashir, mutumin Zariya, da kamfanin ya ɗauko aiki. Yana shigowa ya ɗaga kai ya ga rufin, sai Hausa ta kuɓuce masa.

"Ikon Allah. Ɗaurin guga a Madina? Ranka ya daɗe, wa ya yi muku wannan aiki? Ai sai na ga kamar zauren kakana na shigo."

Yaya Sani ya dube shi kamar bai taɓa jin harshen ba, ya ce masa da Larabci ya yi magana yadda kowa zai gane. Sai shugaban ya yi tambayar da ta kawo su. Ya ce sun lura wannan ɗaki laka ne, sauran gidan dutse, kuma fasalinsa bai yi kama da ginin Madina ba. Na asali ne ko ƙari ne? Na ji Yaya ya gyara murya. Ya ce mahaifinsa sayen gidan ya yi daga hannun wasu tsofaffin mutanen gari, gini ne na Hijaz tsantsa, wannan ɗakin kuwa 'yan aikin gona ne suka liƙa shi daga baya don su riƙa ajiye kaya.

A numfashi ɗaya ya raba Baba da gidan da ya ɗauko duwatsunsa a ka, ya mai da shi ɗan aikin da ya liƙa ɗakin ajiya. Na dubi Inna, ta sunkuyar da kai tana jera dabino a faranti. Ban san lokacin da na ja mayafi na ɗaga labulen ba. Da Larabci na yi magana, don kada wani ya ce bai ji ba.

"Ku gafarce ni. Ba a sayi gidan nan ba. Ubana Idris ne ya gina shi da hannunsa, Bahaushe ne, a ƙasa ya zo. Wannan ɗakin da kuke zaune shi ya fara ginawa, sauran gidan a jikinsa ya jingina."

Uban ango ya tsura wa finjalinsa ido. Yaya Sani bai ɗaga murya ba, ya dai ce in yi shiru, wai abin kunya ne:

"Uskuti, ya Rabi. Aib. Koma ciki."

Shugaban mutum ne mai ladabi, kuma ba zan ɗora masa laifin da ba nasa ba. Ya ce tunda uwar gida tana raye, ita ta ga farkon abin, a tambaye ta. Ya juya wajen labule ya yi mata sallama, ya ce Hajiya, wanne aka fara ginawa? Zuciyata ta yi sanyi, na ce magana ta ƙare. Kalma ɗaya ta isa: a nan na haife shi. Muka jira. Sai muryarta ta fito ƙasa-ƙasa, da Larabcinta mai ɗingishi.

"Ni tsohuwa ce, na manta. Abin da wancan ya faɗa, shi ke nan."

Da suka watse na same ta a ɗaki. Ban taɓa yi wa Inna tsawa ba sai ran nan, Allah ya yafe mini. Na ce mata a zauren nan kika haife shi, ke kika nuna mini kusurwar, rushe shi za su yi, Inna, kin kuwa gane? Sai ta ce:

"Rabi, ki ji bakinki. Ni zan buɗe baki gaban surukai in ce ga inda na durƙusa na haifi wancan? Sunansa ban taɓa kamawa ba, yau zan kama zancen haihuwarsa? In kuma ƙaryata shi a gaban maza? Ɗaki ne. A rushe."

Tana faɗa hawaye na bin kumatunta, ba ta share ba. Na yi shekaru ina jin haushin wannan amsa, har yanzu ban gama hucewa ba. An koya mata kunya tun tana yarinya a matsayin ado, ta riƙe ta da gaskiya, ɗanta kuma ya san ba za ta taɓa saki ba. Ya sani sarai. Shi ya sa bai ko motsa ba da aka ce a tambaye ta.

Injiniya Bashir ya dawo bayan 'yan kwanaki shi kaɗai, ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi zama.

"Hajiya, na gaya musu. Na nuna musu bangon dutsen ne ya hau kan na lakar. An ce wakilin magada da uwar gida bakinsu ɗaya, ni kuma baƙo ne, da iƙama, takardar izinin zama, nake zaune a ƙasar nan. Ki yafe ni."

Na ce masa ba shi da abin da zan yafe. Shi da ba ubansa ba ne ya fi ɗan gidan ƙoƙari.

Muka kwashe muka koma bene. Ran da za a rushe na je na tsaya a gindin dabino. Zankayen suka fara turewa. Abin da ya ɗauki Baba damina da rani bai kai musu azahar ba, rufin ne kawai ya yi musu gardama, bakan nan biyu suka ƙi sakin juna sai da aka sa igiya. Na ga ɓallin bango a ƙasa da sawun yatsun Inna a jiki, yaɓe kan yaɓe, na kowace shekara a kan na bara. Na sunkuya zan ɗauka ya marmashe a hannuna. Da na koma gida Inna ba ta tambaye ni komai ba, ni ma ban ce ba. Ba ta ƙara taka gonar ba. Ba ta daɗe ba ta rasu, aka sauko da gawarta ta matattakalar bene ana karkata makara a kowace kwana, ita da ta ga an fitar da mijinta ta zauren da ya gina. A zaman makoki ni da Yaya muka karɓi gaisuwa kamar baƙi biyu da suka haɗu a tasha.

Auren Huda bai fasu ba, duk da abin da aka gaya muku. Direba aka aiko ya kawo mini katin gayyata, na kuma je, don yarinyar ba ta yi mini komai ba. A wajen bikin kakar ango, tsohuwa tukuf, ta jawo hannuna ta zaunar da ni kusa da ita.

"Ke ce 'yar Idris Takruni? Allah ya ji ƙansa. Ubana ya sha gahawa a ɗakin nan mai ƙaho, yakan ce duk Ƙurban ba inda ya kai shi sanyi. Me ya sa kuka bari aka rushe?"

Kun ji. Sun sani tun fil azal, kuma ba su fasa neman 'yarsa ba. Ƙaryar ba ta saya masa komai ba. Na zauna cikin kiɗa da turare ina jin kamar in kurma ihu.

Gidan yana nan, kun kai 'ya'yanku kun yi hotuna. Gyaran ya yi kyau, ba zan ƙi faɗa ba, rufin ya daina yoyo, an sake bin layukan da farar ƙasa. Allon da ke bakin ƙofa ya ce tsohon gidan gona ne irin na mutanen Madina, ba sunan kowa. Filin da aka shimfiɗe da dutse a gaba, inda ake sayar da gahawa, inda kuka tsaya kuna murmushi, nan ne zauren.

Ni da Yaya Sani muka yi shekaru ba ma magana sai gaisuwar Sallah. Sannan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, ya taɓa masa kai. Larabcin da ya yi rayuwarsa yana gogewa ya zube kamar ruwa a kwando, ba abin da ya rage a bakinsa sai Hausar yarinta, irin ta Inna, da karin Katsina. 'Ya'yansa suna tsintar kalma ɗaya su rasa uku. Dole Huda ta zo har gida ta ɗauke ni. Yana ganina ya washe rabin bakin da ke motsi, kamar jiya muka rabu.

"Rabi, ina kika shiga? Zafi ya yi yawa a nan. Kai ni zaure in kwanta."

Kullum maganar ke nan, safe da yamma, har ya daina cin abinci. Na ce wa Huda mu kai shi, ko idonsa zai gaya masa abin da bakina ya kasa. Muka je bayan la'asar, tana tura shi a keken marasa lafiya. Muka tsaya a tsakiyar filin nan, masu ziyara suna wucewa da kofuna a hannu. Ya dubi bangon dutsen ya gane shi. Ya dubi sama, inda zankaye suke a dā. Ya daɗe yana nema.

"Rabi, ina zauren Baba? Wa ya rushe?"

Shekara da shekaru ina tanadin amsar wannan tambaya. Na sha shirya ta a kan sallaya, kalma bayan kalma. Ga shi ya tambaya da bakinsa, a daidai kusurwar da aka haife shi. Na dube shi, miyau na zuba a gefen bakinsa, idonsa irin na yaron nan mai yagaggiyar riga.

Na ce, "Ruwa ne, Yaya. An yi ruwa mai yawa wata shekara."

Sai ya fara kuka, yana buga hannun keken da hannunsa mai lafiya.

"Ba ku yi yaɓe ba. Kun bar shi ba yaɓe. Ke da ma ba ki da kula, Rabi. Me za ki ce wa Baba?"

Na ce, "Haka ne, Yaya." Huda ta tambaye ni me yake cewa, na ce mata gida yake so a mai da shi.

Da wannan ya shiga kabarinsa, yana ganin sakacina ne ya ci zauren ubanmu, bai kuma yafe mini ba. Na bar masa ƙaryar don ba shi da sauran ƙarfin ɗaukar gaskiya. Ku kuwa lafiyarku ƙalau.